A biya manomin da ya raya gawo

A wani ƙauye da ke kudu da Matamaye na tarar ana rubuta sunayen waɗanda za su shiga aikin gyaran ƙasa na bana. An shimfiɗa tabarma ƙofar gidan mai gari, ma'aikaci na riƙe da littafi, jama'a sun yi cincirindo. Aikin shi ne haƙa rabin wata, wato ramuka masu siffar rabin da'ira da ke tare ruwan sama, a wani fako da ke yamma da gari, a biya kowa gwargwadon ramukan da ya haƙa.

Wani dattijo ya matso ya yi gaisuwa, ya ce da ma'aikacin: "Yaro, mu da muka bar itace a gona fa, akwai namu a ciki?" Ma'aikacin ya amsa da ladabi: "Baba, ai gonarka ba ta lalace ba. Kuɗin nan na ƙasar da ta mutu ne." Dattijon ya ce to, ya koma ya zauna.

Ma'aikacin bai yi ƙarya ba, kuma ba shi ya tsara abin ba. Amma amsar ta tsaya mini a rai. Gonar dattijon nan ba ta lalace ba domin shi ya hana ta lalacewa. Shekara da shekaru yana tsallake tofon gawo da kalgo lokacin sassabe, yana korar awaki, yana faɗa da masu saran dare. Ladansa a wajen hukuma shi ne a ce masa ba ya cikin masu bukata.

Ga ra'ayina tun daga farko. Gwamnati ta ci gaba da kashe kuɗi a kan kiyaye ƙasar noma, har ma ta ƙara. Sai dai a sauya abin da ake saye da kuɗin. Yau rami ake biya, da dashe, da ranar aiki. Ya kamata a ware kaso a riƙa biyan itacen da ya rayu yana tsaye a gona, kowace shekara, a daidai lokacin da rumbu ya ƙare, kuma a karanta sunan duk wanda aka biya a bainar jama'a.

Abin da manoman Damagaram suka riga suka yi

Duk wanda ya bi hanyar Damagaram zuwa Magarya da rani ya san abin da nake nufi. Ƙasa ta bushe, ciyawa ta ƙare, amma gonaki cike suke da gawo kore shar, dama da hagu har iyakar gani. Manyanmu za su gaya maka cewa bayan farin 1973 zuwa 1974, da na 1984 wanda a nan ake kira El Buhari, wurare da yawa ba haka suke ba. Iska kan taso ta binne shuka sau biyu, sau uku a damina ɗaya, mata su yi tafiyar wuni neman itacen girki, a ƙarshe a koma ƙona kara da kashin shanu.

Ba wani furoje ne ya dasa waɗannan itatuwa ba. Manoma ne suka daina yi wa gona ƙwal idan sun zo sassabe. Abin da ake kira sassaben zamani ke nan, kuma aikinsa a hannu yake. Mutum ya tarar da kututturen sabara ko kalgo ya yi tofo goma, ya zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi waɗanda suka miƙe, ya sare sauran. Waɗanda ya bari ya rage musu rassan ƙasa da adda mai kaifi, yana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Wani ya ɗaura jan tsumma a jiki don mai wucewa ya san da mai shi. Saiwar ta daɗe a ƙasa, ta riga ta kai ga danshi, shi ya sa tofon ke girma da sauri fiye da dashen da aka kawo a leda.

Shi gawo kuwa halinsa dabam ne. Da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya yi wa hatsi inuwa, da rani kuma ya yi ganye ya yi ƴaƴa lokacin da bisashe ba su da abin ci. Ƙarƙashinsa hatsi ya fi kauri, ya fi zangarniya, kowane manomi ya san wannan da idonsa. Ƴaƴan gawo ana tara su a buhu a kai kasuwa a sayar wa masu kiwon turka. A Mirya kuka ce ke wannan aiki, ganyenta na ciyar da gidaje da dama.

A 2006 wasu masana, cikinsu har da ɗan ƙasarmu Mahamane Larwanou da Chris Reij, sun yi bincike a gundumomin Magarya, Matamaye da Mirya, suka ƙiyasta cewa wajen hekta miliyan 1 ne itatuwa suka dawo a kansu ta wannan hanya. A faɗin Nijar ana maganar hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200, mafi yawansu a jihohin Maraɗi da Damagaram. Ana kai wannan labari manyan taruka na duniya a yi tafi. Mutanen da suka yi aikin da addarsu ba a taɓa ware musu ko dala a kansa ba.

Ka kwatanta da abin da muke yi kowace ranar 3 ga Agusta, ranar ƴancin kai da muka mayar ranar dashen itace. Al'ada ce mai kyau, ba na so a daina. Amma duk wanda ya koma wurin da aka yi dashe bayan damina biyu ya san abin da yakan tarar: ramuka, da ƙayar da aka kewaye su da ita, da ƴan tsirarun da suka tsira daga akuya da ƙishirwa. An biya mai renon dashe, an biya mai mota, an biya mai haƙa. Babu wanda aka biya don itacen ya kai shekara biyar.

"Ai ba da kuɗi suka fara ba, kuɗi ne zai ɓata abin"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a kan ra'ayina, kuma masu kawo ta ba ƴan adawa da manoma ba ne. Suna da shaida guda biyu masu nauyi.

Ta farko daga Maraɗi take. Lokacin yunwar 1984, Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya da ke aiki da mishan a can, ya sa barin itace a gona ya zama sharaɗin samun abincin agaji. An kiyaye itatuwa wajen 500,000. Da aka samu damina aka daina rabon abinci, kusan kashi biyu cikin uku na itatuwan aka sare su. Mutane sun ɗauki abin a matsayin aikin mai hatsi, hatsi ya tsaya, aiki ya tsaya.

Ta biyu a nan gida aka yi ta. Jenny Aker da Kelsey Jack, masu bincike daga jami'o'in Amurka, sun gwada hanyoyin yaɗa rabin wata a ƙauyuka 180 na jihar Damagaram. Wasu ƙauyuka aka ba su horo kawai, wasu aka haɗa musu horo da kuɗi. Horon kaɗai ya sa kusan kowa ya haƙa rabin wata a gonarsa, kuɗin da aka ɗora a kai bai ƙara yawan masu yi ba.

Na yarda da duka biyun, kuma duk wanda zai tsara biyan manoma ya kamata ya san su. Abin da suke nunawa shi ne kuɗi ba ya koyar da mutum, ba ya sa shi son abin da bai ga amfaninsa ba. Manomin da ya gane rabin wata na tare ruwa a fakonsa zai haƙa ko ba a ba shi komai ba. Don haka kuɗin da ake kashewa wajen lallashin mutane su yi abin da horon yini ɗaya zai sa su yi, asara ce, gara a ƙara yawan malaman gona da babura da man zuwa ƙauye.

Sai dai tambayata wata ce. Mene ne ke kashe gawon da ya shekara ashirin a gonar mutumin da ya san darajarsa sarai?

Yunwa ce. A watan bakwai da na takwas, rumbu ya ƙare, tiyar hatsi ta hau, samari sun tafi cin rani ba su aiko ba, yaro na kwance da zazzaɓi. An sayar da akuya tun bazara. Abin da ya rage mai kuɗi a hannun maigida shi ne itacen nan, ga kuwa mai amalanke yana zagaye, domin garin Damagaram na cin itacen girki kowace safiya ba fashi. Mutumin da ke sare gawonsa a irin wannan hali ba jahili ba ne. Ya san yana sayar da albarkar shekara goma don tuwon sati biyu, kuma yana yi ransa na ƙuna.

Nan ne kuɗin gwamnati ke da aikin yi. Ba sai ya yi yawa ba. Ya isa kawai a ce a wancan watan akwai abin da zai shigo saboda itacen yana tsaye, wanda ba zai shigo ba idan an kwantar da shi. Abin da ya faru a Maraɗi biya ne na lokaci guda, cikin yunwa, ga mutanen da ba su riga sun ga amfanin abin ba, kuma a zamanin da doka ba ta ɗauki itacen a matsayin nasu ba. Manomin Kance ko Dungas na yau ya wuce wannan mataki da shekaru talatin. Kashi ɗayan nan cikin uku da ba a sare ba ma, su ne maƙwabta suka gani suka kwaikwaya.

Akwai kuma maganar adalci. Amfanin itacen ba ya tsayawa a kan iyakar gona. Yana rage wa shukar maƙwabci dukan iska. Makiyayi mai wucewa da rani yana hutawa a inuwarsa, tumakinsa na cin ƴaƴan da suka zubo. Ruwan da ya nutse a gindinsa maimakon ya gudu ya yi kwazazzabo, rijiyar gari ce ke amfana. Mutum ɗaya ke wahalar reno da tsaro, jama'a na cin moriya. Idan ƙasa ta ɗauki alkawarin farfaɗo da hekta miliyan 3.2 kafin 2030, kamar yadda Nijar ta yi, kuma tana lissafa gonakin nan cikin abin da ta cimma, to ta ci bashin masu gonakin.

Ba irin na Amurka nake nema ba

Wasu da suka ji ana maganar biyan manomi don kiyaye ƙasa, tunaninsu kan tafi Amurka. Can tun 1985 gwamnati ke da shirin da take ƙulla yarjejeniyar shekara 10 zuwa 15 da manomi, ya daina noma filin da ke zaizayewa, ya bar shi da ciyawa ko itatuwa, a riƙa ba shi kuɗin haya kowace shekara. Wannan ba zai yi mana ba. A Magarya da Matamaye mutane sun yi yawa, gonaki sun tsattsage wajen rabon gado, saura ta ɓace tun tuni. Wanda ke da hekta ɗaya da baki goma ba za ka ce masa ya huta da noma ba. Namu itace da hatsi a fili ɗaya suke zama, kuma haka ya kamata a biya su.

Abu biyu ne kawai zan ɗauko daga can. Yarjejeniyar mai tsawo ce, manomi ya san abin da zai samu baɗi da baɗin baɗaɗa. Kuma kowa na iya shiga intanet ya duba nawa aka biya a gunduma kaza, a shekara kaza, har da sunan wanda ya karɓa.

"Ina kuɗin?"

Ba na raina wannan tambaya. Ƙasa na fama da matsalar tsaro, makarantu na ƙarƙashin zana, asibitoci na neman magani.

Amma kuɗin gyaran ƙasa ana kashe su yanzu haka. Kowane rani ana haƙa rabin wata, kimanin 300 a hekta guda, ana kafa shingen tare rairayi, ana renon dashe. Abin da na roƙa shi ne a karkatar da wani kaso. A ce an fara da hekta 100,000, a ba kowace hekta mai itatuwa jaka 10 a shekara. Miliyar 1 ke nan na sefa. Kuɗi ne, amma ba abin da ya fi ƙarfin kasafin ƙasa mai fitar da man fetur ba.

Ƙasar Kosta Rika tun 1997 take biyan masu filaye don su bar daji a tsaye, kuma babban tushen kuɗin shi ne wani ɗan kaso na harajin mai. Mu matatar mai ta SORAZ a jiharmu take tun 2011, kuma tun 2024 ɗanyen man Agadem ke bin bututu zuwa teku. Asusun haɗin kai da aka kafa a 2023 ya nuna cewa idan hukuma ta so tara kuɗi daga ƴan ƙananan ragi a kan kiran waya da tikitin mota, tana iyawa.

Dalilin da ya sa nake son tushen ya zama na gida kuwa, mun gan shi da idonmu. Shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ta Afirka an amince da shi tun 2007, a 2021 aka yi masa alkawarin sama da dala biliyan 14 na Amurka a taron Faris, amma manomin Gure bai ga abin da ya yi kama da haka ba. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 masu ba da tallafi da dama suka dakata, ayyuka suka tsaya cak a tsakiya. Furoje shekara uku ko biyar yake yi ya naɗe tabarmarsa. Gawo kuwa sai ya haura shekara goma kafin ya fara biyan wahalar da aka sha a kansa. Idan kuɗin waje ya zo, da kuɗin kabon da ake ta magana, wato wanda ake biya don itatuwa na shanye iskar da ke ɗumama duniya, a zuba su a kan tsarin da muka kafa da hannunmu.

"Za a cinye"

Za a yi ƙoƙarin cinyewa, tabbas. Duk wanda ya taɓa zama kusa da rabon kuɗin aiki ya san yadda abin ke tafiya: sunan wanda ke Libiya shekara biyu ya fito a takarda, gidan wani babba ya samu suna shida, gwauruwa mai marayu a ce mata littafi ya cika. Wani lokaci a ƙirga rami ɗaya sau biyu.

Itace ya fi rami wuyar ƙarya. Rami damina biyu ke cike shi da rairayi, ba mai iya cewa an haƙa ko ba a haƙa ba. Gawo yana nan tsaye, kowa a gari ya san gonar wane ce kuma guda nawa ne. Daga sama ma ana ganinsa. A 2020 masana sun ƙirga itatuwa sama da biliyan 1.8 ɗaya bayan ɗaya a wani yanki na yammacin Sahara da Sahel ta hotunan tauraron ɗan Adam. Jami'ar Damagaram na da ɗaliban da za su iya wannan aiki idan an ba su kayan yi, kwamitin gari ya bi da ƙafa ya tabbatar.

Sauran maganin a fili yake. A liƙa sunaye da adadin kuɗi a ofishin komin. Da yake yawancin mutanenmu ba sa karatun boko, a karanta su ranar kasuwa da lasifika, a maimaita a rediyon karkara, da Hausa da Barbarci da Fulatanci. A tura kuɗin kai tsaye ta waya ko ta kamfanonin aika kuɗi da ke kowane babban ƙauye yanzu, kada su kwana a aljihun kowa. Wanda ya ji an kira sunan maƙwabcinsa da itace hamsin alhali ya san goma ne, zai yi magana. Mutanenmu ba sa yin shiru a kan irin wannan idan sun ji da kunnensu. Abin da ke ba ɓarawo dama shi ne takardar da ba wanda ya gani.

Wanda ba shi da gona fa?

Nan ne na fi jin tsoro, kuma ba zan ɓoye ba.

Duk tallafin da aka ɗaura a kan faɗin fili, mai babban fili ne ke kwashe shi. A Tarayyar Turai an daɗe ana kukan cewa wajen kashi 80 cikin 100 na kuɗin da ake biyan manoma kai tsaye yana tafiya ga kashi 20 cikin 100 na masu karɓa. A nan ma akwai ƴan kasuwa da manyan ma'aikata na birni da suka sayi gonaki a karkara. Idan ba a sa iyaka ba, su za su fi kowa amfana. A ce hekta biyu ko uku na farko kawai ake biya wa kowane gida, abin da ya haura nan mai shi ya ji da shi.

Sai maganar aro da jingina da haya. Mutum ya shekara goma sha yana noma gonar aro, shi ya reni itatuwan. Ranar da aka ji akwai kuɗi a kansu, mai gona zai tuna da gonarsa. Haka gamanar mata: miji ko uba ya yanka mata gefe tana shuka wake da gyaɗa da kuɓewa, ita ke tsinkar ganyen kuka, ita ke sassaƙe rassa ta yi girki, amma sunanta ba ya kan komai. Idan aka yi sakaci, tallafin da aka kawo don kiyaye ƙasa zai zama sanadin korar masu rauni daga kanta.

Muna da kayan aikin da za a tare wannan. Tsarin dokokin karkara na 1993 ya kafa kwamitocin filaye, daga gunduma zuwa komin har zuwa ƙauye, kuma suna iya ba da takardar shaidar aro, da ta jingina, da ta kyauta. A sa sharaɗi: ba a biyan gonar aro sai an rubuta yarjejeniya gaban kwamitin, an faɗi shekarun da mai aro zai ci gaba da nomawa, an faɗi yadda za su raba. Gamana kuma a rubuta ta da sunan matar, kuɗin ya shiga wayarta. Na san akwai mazajen da ba za su so ba. Amma na ga yadda mata ke riƙon asusun adashi a ƙauyuka, ban ga dalilin da zai sa a ce ba za su iya riƙon wannan ba.

Makiyaya su ma suna da haƙƙi a nan, kuma an cika mantawa da su. Dokar kiwo ta 2010 ta amince da ƴancinsu na zirga-zirga. Idan itace ya zama kuɗi, wani zai so ya ci burtali ya ce gonarsa ce, wani ya kewaye fili da ƙaya ya hana wucewa bayan an sako gonaki. Duk gonar da ta shiga burtali ko filin kiwo, kada a biya ta ko sisi.

A arewa da gabas kuwa, wajen Tanut da Gure, matsalar ba ta gonar mutum ɗaya ba ce. Tudun rairayi ne ke tafiya yana cinye kwari mai dabino da goriba da kanwa, fako ne na kowa da kowa. A irin waɗannan wurare aikin kuɗi na haƙa da kafa shinge yana da amfani ƙwarai, domin ba mai yin sa shi kaɗai, kuma yana riƙe samari a gida da rani. Kuskuren shi ne a biya duka ranar da aka gama. A raba kuɗin: wani kaso ranar aiki, sauran a shekara ta biyu da ta uku da ta biyar, gwargwadon ciyawa da itacen da suka kama. Masu gadin wurin a ɗauko su daga manoma da makiyaya duka, domin wurin da Bafulatani ko Buzu ya san yana da rabo a ciki ba zai sa garkensa ya tattake shi ba.

Kafin kuɗi, a bar wa mutum itacensa

Ana ba da labari cewa Sarkin Damagaram Tanimu ya kafa doka mai tsanani a kan saran gawo, har ana cewa wanda ya sare ba da izini ba yana iya rasa ransa. Dattawa na faɗin wannan da alfahari, suna cewa shi ya sa ƙasar ta cika da gawo. Turawan mulkin mallaka da gwamnatocin da suka biyo baya su ma ta hanyar hani suka bi: itace na hukuma ne, wasu irin an kare su, mai sara ya nemi takarda ko ya biya tara. Sakamakon da aka gani a gonaki shi ne manomi ya riƙa kashe tofo tun yana ƙarami, don kada ya girma ya jawo masa ma'aikacin gandun daji. Itatuwa sun dawo ne lokacin da mutane suka fara jin cewa abin da suka rena nasu ne.

A watan Yulin 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta tsara sassaben zamani, ta amince cewa manomi na da haƙƙin cin amfanin itacen da ya rena a gonarsa. Mataki ne babba, ƙasashe kaɗan ne ke da irinsa. Amma ka tambayi manoma a kasuwar ƙauye, da yawa ba su taɓa jin labarinta ba. Har yanzu akwai mai jiran dare kafin ya rage reshen gawon da shi ya rena tun yana tofo, yana waige. Akwai kuma wanda aka sace masa itace ya rasa inda zai kai ƙara, don yana tsoron a juyo da tambaya kansa.

Biyan mutum a kan itacen da yake tsoron taɓawa ba zai yi aiki ba. Wannan gyara kuwa ba ya cin kuɗi sosai. A fassara dokar zuwa harsunanmu, a karanta ta a rediyo kafin lokacin sassabe, a ba kowane mai gari da limami kwafi. Ranar da aka ƙirga itatuwan gona don biya, a ba mai ita takarda ɗauke da adadinsu da irinsu, wadda zai nuna idan an zo masa da maganar tara, ya kuma kai ta gaban hakimi ko alƙali idan an yi masa sata.

Su kansu ma'aikatan gandun daji a sauya ma'aunin da ake auna aikinsu da shi. Yawancinsu ƴaƴan manoma ne, suna aiki da ƙarancin kaya a yanki mai faɗi. Idan abin da ake tambayar ma'aikaci a ƙarshen shekara shi ne tarar da ya tara da dashen da ya raba, a kan su zai sa ƙarfinsa. A riƙa tambayarsa itace nawa ke tsaye a gonakin yankinsa bana idan an kwatanta da bara, ƙarin girmansa da ladansa su rataya a kan wannan adadi.